Wane Oumarou ne na Abakwa?

Ba na jin zan manta da safiyar da na shigo shagon Kawu Sale na tarar ya cire hularsa ya ajiye a kan teburin yanka. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a wurin aiki ba. Kekunan ɗinki na ta aiki kamar kullum, shi kuwa yana tsaye a gaban kwamfuta, hannayensa a baya. Ku da kuka zo shagon nan bayana, wannan ya faru a babban hutun da na gama aji na troisième, wato aji huɗu na sakandare, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, a shekarun da rikicin yankin masu Turanci na ƙasarmu ya yi zafi.

Aikina a lokacin ɗan ƙarami ne. Ina ɗaukar hoton sababbin surfani, ina tura wa masu sayen kayanmu ta imel. Kawu ya raba mutanensa rukuni-rukuni tun da daɗewa: Yaoundé inda muke, Douala, Arewar ƙasarmu, Najeriya, sai Abakwa, wato Bamenda kamar yadda muke kiranta. Rukunai ukun farko da Faransanci ake rubuta musu. Najeriya da Abakwa kuwa da Turanci.

Tsohuwar manhajar imel ta daina buɗewa, sai wani mai gyara daga unguwar Nkomkana ya zo ya sa mana sabuwa. Adireshin kowa ya iso lafiya, amma rukunan sun watse, tsofaffin saƙonni ma ba su biyo ba. Sunaye duk sun zube wuri ɗaya kamar an juye gwangwanin maɓallai.

“Uwata, zauna,” in ji Kawu. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. “Yau saƙon Sallah zai fita, in ba haka ba masu kawo ɗinki su tafi wani wuri. Amma ki ji ni da kyau. Kada kalmar Faransanci ko ɗaya ta je wa wanda ke zaune a Abakwa.”

Na san dalili. Waɗanda suka gudo daga can suka sauka a unguwanninmu na Briqueterie da Ekoudou suna faɗa a gidajenmu cewa akan tare mota a hanya a ce kowa ya buɗe wayarsa. In aka ga saƙon Faransanci daga Yaoundé, tambayoyi sun fara, kuma ba kowa ke gama amsa su ba. Ban sani ko haka ake yi a ko'ina ba, amma na ga yadda matan ke rage murya idan sun zo wurin.

Ga yadda ake aikin. Za ka buɗe rukuni ka ba shi suna, sannan ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya kana sa wa kowa alamar rukuninsa. Ina karanta suna, Kawu yana faɗin gari. Na Abakwa kuwa sai ya faɗi inda kowa ya koma. Wannan ya koma Bafoussam. Wannan yana Douala wajen surukansa. Wannan yana nan bayan masallaci, jiya ma mun gaisa. Ni kuma ina sa wa kowa alamar inda ya koma.

Akwai sunayen da Kawu bai tuna ba. A nan na lura da wani abu, na daɗe ina juya shi kafin in iya buɗe baki. Wanda ya yi makarantar Faransanci yakan rubuta Aboubakar, Ousmanou, Moussa. Wanda ya yi ta Turanci kuma Abubakar, Usman, Musa. Na nuna wa Kawu da yatsa.

Baba Ɗanjuma, babban telanmu, ya ɗago daga kekensa. “Ashe tana magana. Ni na zaci hayar ta muka yi daga gidan kurame.”

Kawu bai yi dariya ba, amma ya ce in ci gaba. Dabarar ta yi mana aiki har wajen azahar, sai muka iso kan Oumarou guda biyu. Rubutu iri ɗaya, babu sunan uba, babu gari. Adireshin ɗaya ya ƙare da lambobi, na ɗayan da harafi biyu. Na kai hannu zan sa su duka a Arewa.

“Tsaya,” in ji Kawu. “Ɗaya na Garoua ne. Ɗayan ma haifaffen Garoua ne, can ya yi makaranta, amma aure ya kai shi Abakwa. Shagon yadi gare shi. Bai fito ba, ya ce ba zai bar mahaifiyar matarsa ba.”

“Wanne ne shi, Kawu?”

Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin kwamfutar, ya daɗe yana kallo. “Wallahi ban sani ba.”

Ya kira na Abakwa a waya, ba ta shiga. Ya kira na Garoua, yaronsa ya ɗauka ya ce Alhaji ya tafi daji sayen raguna, shi kuma bai san wani imel ba. Baba Ɗanjuma ya ce a tura musu Turanci su duka a huta. Kawu ya ce na Garoua ba ya jin ko “kam” da Turanci, zai ɗauka an raina shi. Baba Ɗanjuma ya ce to a cire su. Kawu ya ce mutumin da ya yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsa ba, ba ranar Sallah za a cire shi ba.

Sai na koma kan waɗanda na riga na raba ta hanyar rubutun suna. In Oumarou ya ƙetara Abakwa da sunansa na Faransanci, wa ya san ko akwai wani Moussa da ya yi haka? Ranar na gane cewa a wannan aikin sunan mutum yana gaya maka inda ya yi makaranta ne kawai. Inda yake kwana yau, sai wanda ya damu da shi ya sani.

Na buɗe sabon rukuni, na rasa sunan da zan ba shi, na rubuta “Namu”. Na zuba Oumarou biyun a ciki, da duk wanda Kawu bai faɗi garinsa da bakinsa ba. Sannan na juya wajen Kawu.

“Kawu,” na ce, “waɗannan ka faɗa mini saƙonsu da Hausa in rubuta. Kuma don Allah ka bar ni in ƙara a ƙasa cewa duk wanda ya gani ya amsa mana, ko da kalma ɗaya ce.”