Hawayen da na ɗora wa albasa

Shekarun baya, ranar da za a kai matata gidansu a Maiyama domin haihuwar fari, ni da nake mai gida na gudu na ɓuya a rumfar da nake ajiye albasa. Ƙato da ni, da gemu, na tsuguna tsakanin buhuna kamar ɓarawon kaza. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, amma bari in ba ku labarin daga tushe.

A Jega aka haife ni. Ina ɗan ƙarami, ban daɗe da shiga makarantar allo ba, mahaifiyata ta samu ciki mai wahala, aka ce a kai ta wajen iyayenta a Dangamaji ta haihu can. Ni na raka ta tasha, ni na ɗauki ƙunshin kayanta a ka, ina ta jin kaina babban mutum. Da ta shiga mota sai ta leƙo ta taga ta ce, “Koma gida, zan zo maka da ƙane.” Ba ta dawo ba, ƙanen ma bai zo ba. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce ta rasu. Aka dai ce ta yi tafiya, ni kuwa na riƙa zuwa bakin tashar ina leƙa motoci har na gaji na daina.

Daga nan aka yi ta yawo da ni, yau gidan gwaggo, gobe gidan kawu. Duk inda na fara sabo sai a ce tattara kayanka. Sai na koyi wata dabara ba tare da na san na koya ba: kafin a bar ni, ni zan fara janyewa. Idan abota ta fara daɗi sai in nemo wa mutum laifi. Rakiya kuwa ba na yi wa kowa, ko zuwa ƙofar gida. Baƙo zai ce zai tafi, in ce a sauka lafiya ina zaune. Abokan kasuwa a Aliero, inda na koma sana'ar albasa, sun yanke cewa girman kai ne da ni, na kuma bar su a haka don ya fi mini sauƙi.

Da na yi aure abin ya lafa, har na ɗauka na warke. Amma ranar da matata ta ce tana da ciki, sai wani sanyi ya shige ni. Na daina zama muna hira, na daina cin abinci kusa da ita. Idan ta ce in taɓa in ji motsin ɗan, sai in tuna ana jirana a kasuwa. Ban rage ta da komai na ci da sha ba, ni ne dai babu. Ana gobe tafiyar ta same ni a tsakar gida ta ce, “Ni dai ban san mi niy yi maka ba. In na tahi ka huta.”

Yawanci mata ake turowa su ɗauki mai ciki, amma sai ga surukina da kansa tare da gwaggon matata. Ina jin ƙarar mota a ƙofar gida na leƙa. Na ga an fito da ƙunshin kayanta, na ga wata yarinyar maƙwabta ta ɗora shi a ka, sai kawai na zame ta ƙofar baya. Ina shiga rumfa kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban taɓa yi ba ko da ina yaro.

Ban ji takunsa ba. Na ɗaga kai kawai na ga surukina tsaye a bakin rumfa. Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, wanda nake cire takalmi tun daga nesa in zan gaishe shi, shi ne ya same ni da majina har a gemu.

“Kai, mi kaka yi nan?”

Na goge fuska da hannun riga na ce, “Yajin albasa na, Baba, yas shiga idona.”

Ya dubi buhunan da ke ɗaure tam, ya dube ni. Ya ce, “Tun ba a haihe ka ba nika noman albasa. Ban taɓa ganin wadda ba a yanka ba ta sa mutum hawaye.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da murna. Na yi zaton zai juya ya tafi, sai ya jawo buhu ɗaya ya zauna, da farar rigarsa. Ya ce, “Ɗiyata ta ce ba ka son ta. Na zo in tahi da ita, kuma in ta ce ba ta dawowa, ba ni tilasta mata. Amma wanda ba shi son mace ba shi wanga kuka. Gaya mini gaskiya.”

Kaina a ƙasa na ba shi labarin tashar Jega, da ƙunshin kaya, da taga. Na ce ina jin idan na tsaya na ga motar nan ta tashi, shi ke nan ba zan sake ganin ta ba. Har na fara nadamar buɗe bakina. Can ya ce, “Allah shi jiƙan mahaihiyarka. Ba rakiyarka tak kashe ta ba, kwananta ne yaƙ ƙare. Tashi ka wanke huska. Tunda ba ka iya tsayawa ka ga ta tahi, shiga mota mu tahi tare. Kuma abin da ka gaya mini, ka gaya mata da bakinka.”

Haka aka yi abin da ba a saba ba, miji ya bi matarsa har ɗakin uwarta. Gwaggon tana ta hararata, ni kuwa na maƙale a gefe ina warin albasa. Da muka ratsa Jega na ga bakin tashar nan, sai na kau da kai na runtse ido. Matata ba ta san dalili ba, amma ta gani, ta miƙo mini gorar ruwa ba tare da ta dube ni ba. A Maiyama, kafin in juyo, na tsaya a zaure na gaya mata komai. Ta yi kuka, sannan ta ce, “Ashe duk watannin nan ba ni kaɗai nika jin tsoro ba.” Ta haihu lafiya, bayan arba'in ta dawo da 'yarmu.

Ba a ranar na warke ba, kada in yi muku ƙarya. Daga baya na riƙa ganin wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ya fahimtar da ni cewa yaron da ya rasa uwa haka, babu wanda ya yi masa bayani, yakan girma yana gudun kusanci da mutane. Na je Dangamaji aka nuna mini inda aka binne mahaifiyata. Har yanzu idan matata za ta yi tafiya tsoron nan yakan taso mini, sai dai yanzu nakan faɗa mata, in kuma raka ta. Abin da ya fi ba ni kunya ba kukan ba ne, watannin da na bar ta tana tuhumar kanta ne.

Surukina bai taɓa ba kowa labarin rumfa ba. Idan na je gaishe shi sai dai ya ce, “Yaya albasa, tana nan da yaji?” in sunkuyar da kai. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Na kama makara tun daga ƙofar gida, ban saki ba sai da muka kai shi makwancinsa. Na yi kuka a gaban mutanen Maiyama duka, kuma da wani ya tambaye ni ko lafiya, na ce ubana nake wa kuka.