Hoton Kawu Ɗan'auta

Hafizullahi ɗan Sabon Birni ne, kuma ko shayi kawai kuka zauna sha sai ya faɗa maka, ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai kai kaya Maraɗi ya dawo da wasu, mahaifiyarsa kuwa 'yar Tozai ce ta ƙasar Isa. Tun yana sakandare ya kafa tebur a bakin kasuwa da ɗan janaretonsa mai tari, yana cajin waya, yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da hotuna daga wannan waya zuwa waccan. A nan hannunsa ya faɗa da na'ura. Da ya tafi Sakkwato karatu, ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Ɗan'auta, shi ne wanda duk kaka sai ya aiko masa da gero da wake a motar Isa, da saƙon ya yi karatu ya bar yawo. Kawun nan manomi ne na gona ɗaya da jaki ɗaya. Bai taɓa zuwa Makka ba, Sakkwaton ma sai in asibiti ya kai shi.

Allah ya taimaki Hafizullahi, yana gamawa ya samu aiki a sashen kwamfuta na wata jami'a a nan birnin. Shi ne mai ɗora labarai da hotuna a shafin jami'ar na intanet. Shugaban sashen wani Bayarabe ne haifaffen Sakkwato, wanda kowa ke ce wa Oga, to ka san tsakanin Bayarabe da Bagobiri, kullum ɗaya na kiran ɗaya bawansa. Amma ranar da ya fara aiki Oga ya ajiye wasa, ya zaunar da shi ya yi masa bayanin dokokin gidan. Ba a ba kowa lambar sirrin shiga, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ba a tallar kayan kai da layin jami'a. Ba a ɗora komai sai Oga ya gani ya yarda. Hoton mutum kuwa ba ya hawa sai da izinin mai shi, kuma ba a faɗin garinsa ko unguwarsa ko lambar wayarsa. Ya ce masa duk abin da ya hau shafin nan, duniya za ta ɗauka jami'a ce ta faɗa da bakinta, ba wani Hafizullahi ba.

Sauran dokokin ya riƙe su da kyau, ban ɗauke masa wannan ba. 'Yan garinsu sun sha zuwa su ce ya ba su lambarsa su shiga intanet kyauta, ya hana, suka ce ya zama Bature. Ta hoto da sunan gari ce kawai ba ta taɓa shigarsa ba. A wurinsu sunan mutum bai cika ba sai an haɗa da ubansa da garinsa, wane Gatawa, wance Tozai. In yaro ya yi abin kirki, ai gidansu ake yi wa barka, kuma in za ka ambaci dattijo a bainar jama'a ba ka kiransa gatsau, sai ka ɗan ɗora masa abin girma. Ya sha ce wa Oga wannan doka ta mutanen da ba su san dangi ba ce. Oga ya ce to, bawa dai ba ya gyara wa ubangidansa doka, su yi dariya a wuce.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Hafizullahi ya fi Oga sanin halin da ƙasarsu ke ciki. A shekarun nan 'yan bindiga sun riga sun cika dajin da ke tsakanin Isa da Sabon Birni. Mai ɗan abin hannu ya daina ɗinkin sallah mai kyau, mai sabon babur yana shafa masa laka kafin ya fita. Kowa ya san akwai masu kai rahoto a cikin gari, waɗanda aikinsu kawai su ga wa ya sayi sa, wa ɗansa ya aiko masa da saƙo daga birni. Duk ya san wannan. Sai dai a ransa daji daban, shafin jami'a daban, kamar ba ƙasa ɗaya suke ba.

Ana nan sai Maimunat, ɗiyar Kawu Ɗan'auta, ta gama karatun haɗa magunguna a jami'ar, kuma ita ta zo ta ɗaya a sashensu. Taubashiyarsa ce, tun suna yara yake ce mata mai kan kwakwa, ga shi kan ya yi rana. Ranar bikin yaye ɗalibai Kawu ya iso da wata riga da wanki ya cinye mata launi. Hafizullahi ya dube shi ya ce wallahi ba a shiga taron nan da wannan. Ya buɗe akwati ya fiddo babbar rigar shaddar da ya yi aure da ita, da hula, da takalmi. Tsoho ya saka yana dariya yana cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma ka ga fuskarsa ka san ya ji daɗi. Bayan taro rana ta yi zafi, suka nemi inuwa, inuwar kuwa tana gefen wata ƙatuwar baƙar mota ta wani baƙo da ba su ma san shi ba. Nan Hafizullahi ya tsayar da uba da ɗiya ya ɗauke su hoto. Kawu har da dafa motar, don ƙafarsa ta gaji da takalmin da ba nasa ba.

Washegari Juma'a ce, Oga ya tashi da wuri. Hafizullahi ya zauna shi kaɗai a ofis yana kallon hoton, zuciyarsa fal. Ya tuna geron nan da wake, ya ce yau ce ranar da zai fitar da Kawu kunya. Ya ɗora hoton a shafin labaran jami'a, ya yi bayani da Turanci, sannan ya ƙara da Hausa don mutanen gida su karanta da kansu: Maimunat tare da mahaifinta, Alhaji Ɗan'auta Tozai, hamshaƙin manomi a ƙasar Isa. Bai tambayi Kawu ba, bai tambayi Maimunat ba, bai jira Litinin ba. Ya tura wa zauren 'yan garinsu na waya, kafin la'asar ana ta sa masa albarka, ana cewa haka ake son ɗa.

Oga ya gani ranar Litinin, ya yi faɗa, ya ce a cire. Hafizullahi ya roƙe shi, ya ce dattijon kawunsa ne, izinin me zai nema wurin mutumin da ya ci da shi? Aka cire sunan garin aka bar hoton, shi kuma har yana ganin an ƙware shi.

Ba a daɗe ba gwamnati ta katse layin waya a yankin gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, sai wanda ya iya matsawa bakin iyaka ya kamo layin Nijar. Labarin gida ya koma bakin direbobi. Wata safiya Maimunat ta shigo ofishinsa ko sallamar kirki babu, ba tsokana irin ta taubasai. Ta tsaya a kansa.

"Yaya, mi kar rubuta ƙarƙashin hoton Baba?"

Ya faɗa mata. Ta ce wani direba ya kawo saƙo daga innarta Larai, matar Kawu, cewa baƙin fuska sun zo wurin mai cajin waya a Isa suna nuna hoton, suna tambayar wane ne wannan Alhajin na Tozai, ina ne gidansa.

Nan take ya goge hoton daga shafin. Ihu bayan hari! Shi da ya yi shekaru a teburin caji ya fi kowa sanin cewa hoto ba ya bukatar layi kafin ya yi tafiya. Waya ta matso kusa da waya, shi ke nan ya ƙetara, kuma wanda ya ƙetara ɗin shi ne na farko, mai ɗauke da sunan gari, da tambarin jami'a a samansa. Ya je ya faɗa wa Oga komai. Oga ya ce takardar tuhuma tana nan tana jiransa, wannan ba makawa, amma yanzu ya tashi ya tafi ya fiddo tsohon nan.

Tafiyar ba daɗi. Direba na gudu kowa na salati, in an hango babura daga nesa sai motar ta yi tsit. Daga Isa ya samu mai babur da ƙyar ya kai shi Tozai. Ya tarar da Kawu a gona cikin tsohuwar rigarsa, gero ya nuna ya sunkuyar da kai, shekarar ta yi kyau kamar da gayya. Hafizullahi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce laifinsa ne, ya ce su tashi yau.

Kawu ya yi dariya. Ya ce kowa a Tozai ya san shi, ya san jakinsa, wa zai yi wa rogo kallon kitse?

"Ni da ko hanyar Makka ban sani ba? Bari in yanke gerona in ɗaure, in sa rumbu, sannan za ni tashi in kana so."

Larai ce ta ce a kira Ibrahima, maƙwabcinsu, wanda bai daɗe da kuɓuta daga hannun mutanen daji ba. Ya zo yana dogara sanda, ƙafafunsa a kumbure. Bai so yin maganar ba, sai da Larai ta haɗa shi da Allah. Ya ce a can inda aka tsare su an bi su ɗaya bayan ɗaya da waya ana nuna musu hoton. Shi ya rantse musu cewa mutumin nan talaka ne, rigar ma ba tasa ba ce. Suka doke shi, suka ce talaka ba ya dafa irin wannan mota, kuma ga tambarin makarantar gwamnati a kai, jami'a guda za ta yi ƙarya ne? Ya ce abin da ya hana su zuwa har yanzu, suna jira ne a gama girbi.

Kawu bai ƙara dariya ba. Ya tambayi Hafizullahi ko ba za a rubuta a wurin ba cewa kuskure ne, shi ba Alhaji ba ne, ba shi da komai. Hafizullahi ya ce za a iya rubutawa, amma ba za ta bi hoton ta cim masa ba. Tsoho bai gane ba, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Da safe suka fito da tabarma da buta da ƙullin kayan Larai. Jakin aka bar wa Ibrahima. Geron aka bar wa dangi su yanke abin da suka iya, rabi ma ba su kai ba aka hana shiga gonakin wannan gefen. Kawu bai waiwaya ba har suka hau babur, Larai ce ta yi ta kuka.

Yanzu suna zaune a ɗakin zauren gidan da Hafizullahi ke haya a Sakkwato. Shi an ba shi takardar tuhumarsa, an ɗauke shi daga ɗora labarai na wani lokaci, daga baya aka mayar da shi. Ya zama mai tsanani fiye da Oga. In ƙungiyar ɗaliban yankinsu ta kawo hotunan taro, sai ya bi ya cire garuruwa, ya cire Alhaji da Hajiya, ya ce kowa ya zo da bakinsa ya ce ya yarda. Suna zaginsa a bayan ido, wai ya samu wuri ya manta asalinsa. Shi kuwa aikinsa kawai yake yi. Maimunat ta samu aiki a wani kantin magani, tana gaishe shi da ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo, don tun ranar nan ba ta sake tsokanarsa ba.

Kawu kuwa bai taɓa faɗa masa baƙar magana ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ne ke cin Hafizullahi. Tsohon ya rame. Yana wuni a ƙofar gida a kan tabarma, mutumin da bai san zaman banza ba, in ya ji mai magana irin ta ƙasarsu ya tare shi ya tambayi labarin ruwa. A tunaninsa goge hoto aiki ne irin noma, ana bi kunya kunya har a kai ƙarshen gona, kuma ɗan 'yar'uwarsa na can ofis kullum yana yi.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Hafizullahi ya dawo daga aiki ya same shi tsaye yana kallon sama. Ya karɓi gaisuwarsa, sannan ya rage murya don kada Larai ta ji.

"Hafizu, hoton nan, an kusa gama goge shi ga wayoyin mutane? In an gama ka hwaɗa mini da wuri, in koma kahin shuka ta wuce."

Hafizullahi ya tsaya da makullin babur a hannu. Ya san wayoyin da hoton ke ciki sun fi ƙarfin ƙirga, wasu a Isa, wasu a daji, wasu sun ƙetara Nijar, kuma babu ranar da za a gama.

"Saura kaɗan, Kawu," ya ce.

Tsoho ya ce to madalla, Allah ya yi albarka, ya shiga ciki ya ce wa Larai ta fara neman iri.