Makulli Uku, Kwamfuta Huɗu

Da na gama karatu ban sami aiki nan take ba, sai kawuna ya ce in zo in riƙe masa teburin katin marasa lafiya a ɗan asibitinsa da ke Angwan Iya. Ɗakuna biyar ne da baranda. Shi kaɗai ne likita. Akwai Sista, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Eggon mai kula da ɗakin magani, wadda ta fara aiki da Kawu tun ina goye. Akwai mai ɗakin gwaji, mutumin kudu da aka haifa a Keffi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Sai ni. Kowannenmu da kwamfutarsa, an haɗa su da waya ta bi ta jikin bango, don in na buɗe wa mutum kati, su gani daga ɗakunansu.

Wata Litinin da safe mai ɗakin gwaji ya fito baranda hannu a ka. Sakamakon gwajin mutane na mako guda ya ƙi buɗewa. Muka kira wani mai gyaran kwamfuta daga Gangaren Tudu. Ya zauna har azahar kafin ya ceto shi, ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, ya shigo ta filas ɗin da wani ya soka don kwafar fayil. Ya kuma ce in ba a sa antibairos na kirki ba, wata rana katin kowa zai tafi.

Kawu ya dube ni ta saman gilashinsa. "Ke ce 'yar zamani. Ki zaɓo mana."

Kwana uku ina karatu a waya. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, don haka ina neman wanda ba zai danne su ba. Ina son wanda ba ya shan data kamar raƙumi, wanda zai binciki filas da zarar an soka shi, kuma wanda zai ci gaba da gadi ko intanet ta ɗauke, don a unguwarmu takan yi tafiyarta ba sallama. Da na kai wa Kawu wanda na zaɓa, ya yi mini tambayoyi kamar na zo tallar sabon magani. Wa ya yi shi? Yana da illa? Yaushe zai lalace? Na amsa duka, ya gyaɗa kai.

Matsala ɗaya ce. Kwalin da mai gyara ya samo mana makulli uku ne a cikinsa, wato kwamfuta uku kawai zai hau. Na gaba da shi na kwamfuta goma ne. Kawu ya ce shi ba banki ya buɗe ba, uku sun isa.

Bayan la'asar muka taru a ofishinsa don a san wadda za a bari. Sista ce ta fara.

"Dokta, duk maganin gidan nan yana cikin tawa. In ta kwanta, sai dai ku nemi wata Sista."

Mai ɗakin gwaji ya ce, "Ni maciji ya sara, Oga. Ko tsumma na gani yanzu gudu nake."

Na ce a tawa ake buɗe katin kowa, sunan mutum da ciwonsa, abin da ba a so wani ya gani. Kawu ya saurara har na gama, sannan ya dafa tasa, wadda ke lulluɓe da wani kyakkyawan ƙyalle mai aikin hannu.

"To, a ina kuka taɓa ganin an sa wa gida maigadi an bar ɗakin maigida?"

Na gane tawa ce za ta zauna ba gadi. Ba a musu da kawu a gaban mutane, sai na haɗiye maganata. Sista ta ɗan taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta ce in yi haƙuri.

Washegari mai gyara ya dawo. Ya sa wa Sista, ya sa wa ɗakin gwaji, sannan muka shiga wurin Kawu. Mai gyara ya ɗage ƙyallen, ya kunna. Kwamfutar ta yi wani nishi mai tsawo kafin ta buɗe ido.

"Ranka ya daɗe, lambar sirri fa?" in ji mai gyara.

Kawu ya dubi silin. Ya ce a gwada sunan asibitin. Bai yi ba. A gwada sunan babbar 'yarsa. Bai yi ba. Ya ƙwala wa Sista kira, ta ce rabon da ta ga fuskar kwamfutar nan tun ranar da aka kawo ta. Mai gyara ya durƙusa ya leƙa bayanta, sai muka ji ya yi tari irin na mai danne dariya. Wayar da ya kamata ta haɗa ta da sauran tana nan a naɗe, da ɗaurinta na kanti. A ramin da za a soka ta kuwa, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, har ya yaye 'ya'ya ya tashi.

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Kawu ko a jikinsa. Ya gyara zama ya ce, "Kun gani? Wannan shi ake kira killacewa. Duk gidan nan tawa ce kaɗai ba ta taɓa kamuwa da komai ba." Sannan ya yi nuni da ni. "A ba yarinyar nan makullin. Dama gwada ku nake."

Sista ta ce, "Haka ne, Dokta," ta fita da sauri. Muna jin dariyarta daga ɗakin magani.

Bayan kamar mako biyu, da marasa lafiya suka ragu da rana, Kawu ya kira ni ya ce in turo ƙofa. Ya ce in nuna masa yadda ake yi, amma kada kowa ya ji. Ashe ya sa mai gyara ya buɗe masa kwamfutar. Muka fara. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, in ya samu sai ya ce "Yauwa." Da linzamin kwamfutar ya ƙi tafiya inda yake so, sai ya ɗaga shi sama ya girgiza.

Abin farko da ya buga shi kaɗai wasiƙa ce ta tura wata mai ciki zuwa babban asibiti. Layi shida, ta ci masa kusan awa guda. Da aka fitar da ita a takarda, ya sa hannu, ya miƙa wa Sista. Ita da ta saba fama da rubutun hannunsa, ta karanta daga sama har ƙasa, ta sake karantawa.

"Dokta," ta ce, "ashe duk shekarun nan abin da kake rubutawa ke nan?"

Kawu ya ce ta sa wasiƙar a ambulan, mai cikin na jira.