Kunun Kanwar da Inna Ta Dama Mini

Tun cikina yana wata bakwai abu guda ya hana ni sukuni: kada in haihu nono ya ƙi zuwa. Yayata ta sha wannan wahalar, na ga yadda ɗiyarta ta rame kamar tsinke. Shi ya sa da maigidana ya kai ni gidanmu a Tajaye don haihuwar fari, ya koma aikinsa na siminti a Malbaza, na ce wa Inna duk abin da ke kawo nono ta ba ni.

Inna ba ta wasa da jego. Safe da yamma tukunya na tafasa, ta tsoma ganyen dogon-yaro ta yi ta fyaɗa mini har sai na yi kuka. Bayan wanka sai kunun kanwa, ƙwarya cike. In ta ba ni ɗaya, ni ke roƙon ƙari. Nono kuwa ya zo, yaro ya yi ɓul-ɓul.

Wajen kwana ashirin da haihuwa ƙirjina ya fara nauyi, kamar an kifa mini turmi. Daga ɗaki zuwa makewayi sai na tsaya ina haki. In na miƙe a tabarma numfashi ya ƙi, dole in tashi in jingina da bango.

"Ƙwannafi ne," in ji Inna. Ta jiƙa kanwa ta ba ni na sha.

Da ƙafafuna suka kumbura, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta danna da yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa.

Ta ce wa Inna, "Sanyi ya shige ta. Ke dai ruwanki bai gasa ta. Icce kike tattali, ko tausayi ne?"

Inna ta ji haushi, ta ƙara icce a murhu.

Ranar Juma'a maigidana ya zo ganin yaro. Na tashi in tarbe shi, takalmi ya ƙi shiga ƙafata, gaisuwar ma na kasa kai ta ƙarshe. Bai ko zauna ba, ya fita neman mota. Muka nufi asibitin Konni, Inna na riƙe da jariri.

Lokotoro ya saurari ƙirjina da bayana, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya sa aka ɗauki hoto. Sannan ya shafa mini wani mai mai sanyi, ya aza na'ura. Sai ga zuciyata a allo tana motsi! Ni da ko hantar akuya ban son kallo.

"Kin ga yadda ta buɗe? Ta saki, ba ta tura jini da ƙarfi. Ruwa ya taru har cikin huhu. Mi kike ci?"

Na lissafa masa, har da kunun kanwa. Ya ce ƙwarya nawa a yini. Na ce biyu, wani lokaci uku. Ya aje biro ya dube ni.

Ya ce ciwon ƙirji iri-iri ne, wani daga ciki yake tasowa, wani daga huhu, wani daga zuciya. Ƙwannafi yana ƙuna, amma ba ya hana kwanciya, ba ya kumbura ƙafa. Ya ce akwai matan da zuciyarsu ke rauni wajen haihuwa ko ba su taɓa kanwa ba, sai dai kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafin wanka kuma yana ƙara wa zuciyar aiki.

Ni na ɗauka ciwon zuciya na manyan alhazai ne masu tumbi. Ni da ko shekara arba'in ban yi ba?

Inna ta kwance bakin zanenta a hankali. Ashe ƙullin kanwa ta taho da shi, don ta jiƙa mini in ciwon ya tashi a hanya.

"Da hannuna?" ta ce. "Da hannuna nake dama mata?"

"Inna, ba ki sani ba ne," in ji lokotoro. "Da hannun nan za ki dafa mata marar gishiri."

Kwana tara na yi a gado. Ya ba ni magungunan da ba su hana shayarwa, ya ce kada in sake ɗaukar ciki sai ya duba ni. Nonon da na yi ta fargaba a kansa bai ɗauke ba. Har yau ina shan magani, kuma Inna ba ta iya jin ƙarar tafasar tukunya ba ta dube ni ba.

Don Allah, in kuna da maijego a gida, kuka ga tana haki, ta kasa kwanciya, ƙafa ta kumbura, kada ku ƙara icce, kada ku ƙara kanwa. Ku kai ta a duba zuciyarta ranar nan.