Na Ce Asibiti Za Mu, Alhali Kallon Duwatsu Za Mu

Edita, ina yi maka sallama, kuma ina roƙon ka sakaya sunana. Lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan kasuwar albasa ne a Malanbil, shekaruna arba'in da 'yan kai, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ina saye daga manoman Garu da Tumbutu, in ɗura a buhu, in loda wa manyan motoci masu zuwa Kwatano. Ba na cikin manyan 'yan kasuwa, amma ina da rumfa, ina da suna, kuma Allah ya yi ni da baki. In muka zauna jiran mota ni ne sarkin tsokana. Duk wanda na gani ya goyo matarsa a babur, ko ya riƙe mata jaka a tasha, to ya shiga uku a wurina mako guda cur. Ana dariya ina jin daɗi, ina ganin ni ne namijin duniya.

Matata 'yar Garu ce, shekara goma sha bakwai muna tare. Tafiyarta mafi nisa ita ce Kandi, sai Gaya da ke tsallaken gada, su ma ɗin gaisuwar mutuwa ko biki ke kai ta. Wata rana wani direba da ke ɗaukar mini kaya ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa na wajen Natitingu. Duwatsu ne kore shar, ruwa na zubowa daga sama yana taruwa a ƙasa ya zama tafki, mutane na zaune a baki. Na ce ya tura mini, na kai gida don yara su gani. Yara suka kalla sau ɗaya suka watse, ita kuwa ta kalla har sau uku. Ta ce ashe a cikin ƙasar nan tamu akwai wuri haka, mu da ba mu san komai ba sai fadamar shinkafa da ruwan Kwara mai kalar koko. Ta ce da ma ta tsoma ƙafarta a ruwan da za ta iya hango yatsunta a ciki. Ba ta roƙe ni komai ba, ta miƙo mini wayar ta koma bakin murhu. Maganar nan ta zauna mini a rai, bayan kwana biyu na ce mata ta shirya, zan kai ta.

Wallahi makonni biyun da muka yi muna shirin tafiyar nan su ne mafi daɗi a aurenmu. Na zaɓi tsakiyar damina, don kasuwar albasa ta yi sanyi, kuma direban ya ce lokacin ne ruwan ke cika. Bayan azahar, in yara sun tafi islamiyya, sai mu zauna a inuwar ɗaki muna lissafa hanya: mu hau kar, wato babbar motar fasinja, zuwa Faraku, mu canja mota zuwa Jugu, daga nan Natitingu, kwana uku mu juyo. Direban ya haɗa ni da wani masauki mai tsabta kusa da masallaci. Ta kai ɗinkin atamfa biyu. Ta ce za ta soya kifi ta yi yaji mu tafi da shi, don ba ta yarda da girkin mutanen da ba ta sani ba. Na ce da wannan gwiwar tata mai ƙara ba za ta kai rabin dutsen ba, ta ce sai dai ni da tumbina a gangaro da ni kamar buhun albasa. Na manta rabon da in ji tana dariya irin wannan.

Matsalar ɗaya ce, wa zai zauna da yara. Dole a ɗauko ƙanwarta daga Garu, kuma ba a ɗauko 'yar mutane ba tare da an faɗi dalili ba. A wurinmu mutum na tafiya fatauci, ko gaisuwa, ko biki, ko asibiti, ko aikin hajji. Ban taɓa jin magidanci ya ɗauki matarsa sun tafi kallon dutse ba. Matata ta ce a faɗi gaskiya kawai, Inna mahaifiyarta dariya za ta yi, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na ce sam. Surukar da ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba, wadda nake durƙusawa daga bakin ƙofa in gaishe ta kaina a ƙasa, yaya za a yi ta ji wai na kwashi ɗiyarta mun tafi otel yin bakansi, wato hutun shaƙatawa, kamar turawa? Kuma abin da ban faɗa wa matata ba shi ne, in Garu ta ji yau, gobe kasuwa ta ji, don manoman can kullum suna rumfata. Duk waɗanda na sha yi wa dariya za su samu abin ramawa har ƙarshen rayuwata. Sai na kira yayanta a waya, na ce zan kai ta Faraku likita ya duba ta, ciwon ciki ne ke ɗan damunta, ba wani abin tashin hankali ba, a turo mana ƙanwar ta kwana uku. Da matata ta ji abin da na yi ranta ya ɓaci, ta ce ba kyau a kira wa mai lafiya ciwo. Na ce ta bar zancen, kwana uku ne kawai, kafin kowa ya ankara mun dawo.

Na manta halin mutanenmu, ni da aka haifa a cikinsu. Mu ba ma faɗin ciwo yadda yake, ko mutum na gargara cewa ake da sauƙi. To tsohuwa ta ji an tsallake asibitin Malanbil, an tsallake na Kandi, sai Faraku, kuma an ce ba komai. A wurinta magana ta ƙare, ɗiyarta na bakin mutuwa ana ɓoye mata. Ana gobe za mu tafi, da safe, bayan an kwana ana ruwa, ta ƙi jiran kowa. Ta ɗaure kaza, ta ƙulla garin kunu da wasu saiwoyi, ta tsai da kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ta ce ya kai ta Malanbil. A daidai gonakin shinkafa taɓo ya kwashe tayar. Mai babur ƙujewa kawai ya yi, ita kuwa ta faɗa kan gefen kwalbati, ƙashin ƙugunta ya karye. Ina tasha na karɓi tikiti biyu ke nan waya ta shigo.

Da muka shiga ɗakin da aka kwantar da ita a asibitin Malanbil, tana cikin azabar da ko juyi ba ta iyawa, amma tana ganin matata ta fara faɗa, wai wa ya taso da mara lafiya, a ba ta kujera ta zauna. Matata ta fashe da kuka, kowa ya ɗauka tausayin uwa ne kawai. Daga ranar Inna ta kafa doka, ba ta yarda ɗiyarta ta yi jinyarta ba. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta jawo ruwan wanka a hana ta, in ta daɗe a zaune a ce ta tafi gida ta kwanta. Matar yayanta ce ke juya tsohuwa, ita ke yi mata wanka, ita ke wanke mata zani, ɗiyar da ta haifa kuwa na rakuɓe a gefe kamar baƙuwa, lafiyarta lau.

Tun a ranar farko matata ta roƙe ni mu faɗi gaskiya. Na ce ba yanzu ba, in yayyenta suka ji cewa saboda yawon shaƙatawa uwarsu ta karye ba za su sake kallonmu ba, a bari ta samu sauƙi. Maganar tana da kamar hankali, amma ni na san kaina nake karewa. Sai ga Inna ta matsa lamba, ta ce ba za ta ƙara shan magani ba sai an kai ɗiyarta Faraku kamar yadda aka shirya. Haka muka hau kar ɗin nan, Edita, ni da matata, kujera ɗaya, tun daga Malanbil har Faraku ta juya mini ƙeya tana kallon taga. Muka sauka, muka zauna a inuwar wani masallaci, na shiga kantin magani na sayi ƙwayoyin ciwon kai da na ƙarin jini don a samu ledar da za a nuna. Washegari muka juyo. Ita ce kaɗai tafiyar da na taɓa yi da matata mu biyu.

Da aka mai da Inna Garu, ba ta sake takawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabon da take yi mini. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labari, wai Allah ya ba ta suruki na gari, wanda ya bar kasuwarsa ya kai ɗiyarta babban asibiti, ga ta nan ta murmure har ta yi ƙiba. Ta ce in faɗuwarta ce ta ɗauke wa ɗiyarta ciwo, to ta gode wa Allah. Matata ta sake roƙona, har ta ce ita za ta faɗa da bakinta, na ce ban yarda ba, kuma ta bi umarnina, abin da har gobe nake cewa da ma ta saɓa. Sau ɗaya na je da niyyar in faɗa. Na durƙusa a bakin ƙofa, na buɗe baki ke nan ta fara sa mini albarka, da ni da 'ya'yana da kasuwata. Na ce amin, na haɗiye maganata, na tashi. Bayan kwana tara ta rasu, wata huɗu da faɗuwarta.

Matata ba ta yi mini ihu ba, ba ta ce in sake ta ba. Bayan addu'ar arba'in ta same ni a tsakar gida da rana, ta yi magana a natse. Ta ce ajali na Allah ne, faɗuwar babur ma ta yafe mini, don ban tura kowa cikin taɓo ba. Abin da ta kasa yafewa shi ne wata huɗun da uwarta ta yi a kwance ba ta taɓa wanke mata ko ƙafa ba. Ta ce kuma tsohuwar ta tafi ba ta san cewa an taɓa nufin ɗiyarta da abin farin ciki ba, alhali da ta sani da ta fi kowa murna. Bayan shekara na je na faɗa wa yayanta komai. Da ya gama ji, ya ce kada in faɗa wa sauran dangi, a bar tsohuwa ta kwanta lafiya, a bar zumunci yadda yake. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi.

Yau shekara uku ke nan. Muna gida ɗaya, tana dafa mini abinci, tana amsa gaisuwata, amma ta daina tsokanata, ni ma na daina tsokanar kowa a kasuwa. Abin da na gane a makare shi ne, na ji kunyar abin da Allah ya halatta mini, ban ji kunyar ƙarya ba. Kuma na kira abin kunyar suruka, alhali rabinsa tsoron dariyar abokai ne. Don haka ina kira ga maza 'yan'uwana, in kana son ka faranta wa matarka, ka faɗa da bakinka a sarari, a yi maka dariyar kwana biyu ta wuce. Kada ka taɓa laƙa wa mai lafiya ciwo don ka rufe wata magana, domin ba ka san wanda zai taso da gudu saboda ƙauna ba. In kuma ka riga ka yi, ka warware tun wanda ka yi wa yana da ran da zai ji ka.

Ni tawa ƙaryar ba ta mutu ba har yanzu. Duk lokacin da muka je Garu, tsofaffin garin sai sun tare matata sun tambaye ta ya jiki, ciwon cikin nan bai sake tashi ba ko? Sai ta ce da sauƙi, alhamdulillahi, sannan ta ɗago ta dube ni.