Sunan da Uwa Ba Ta Kira

"In kin kira sunansa, yana waiwayowa?" na tambayi wata matar da ta kawo ɗanta awo ɗakin shan maganinmu na Gaffati.

Ta sunkuyar da kai. "Ni ban taɓa kira ba."

Surukarta ta tuntsire da dariya. "Haba 'yar nan, ɗan fari ne fa! Ina ita ina sunansa?"

Na duba takardar tambayoyin da muke gano otisim da ita, lalurar da ke hana yaro kula mutane. Malamata, babbar likita Lokotoro Hadiza, ce ta tsara ta bayan shekaru tana bincike. Ga shi ta rubuta a ƙasa: in ɗan fari ne, kaka ta kira.

Tsohuwa ta kira har sau uku, har da "maigidana". Yaro bai ko ɗago ba. Dariya ta ɗauke. Ranar muka tura su asibitin Damagaram, tun bai cika shekara biyu ba.

Ana karanta rubuce-rubucen Lokotoro Hadiza a jami'o'in duniya. Ni kam layin nan ɗaya ya ishe ni.

Ku fa, wa ya fara lura da lalurar naku yaron?