Mita Biyu a Bango, Mita Ɗaya da Rabi a Alƙahira

Mun tashi da asuba daga Malumfashi, ni da yayana, muna idar da salla direba na gama ɗaure jakunkuna. Gwiwar Yaya ce ta kai mu Masar. Likitoci sun ce sai an yi aiki, dangi suka zauna suka ce ni zan raka shi, wai ni ne malamin motsa jiki, na san ƙashi da jijiya. Ban musa ba. Ban taɓa iya musa yabo ba, kuma wannan yana cikin laifuffukan da zan faɗa muku yau. Tsakanin Dayi da Gwarzo duk ramin da muka faɗa sai Yaya ya yi salati, har direba ya ce ladan hanyar nan ya kusa na umara.

Kafin mu hau jirgi a Kano bari ku san abin da na baro a gida. A bangon makarantar da nake koyarwa, wadda a cikinta na yi karatu, an rubuta da jan fenti cewa na tsallake mita biyu a tsallen sama shekara ashirin da biyu da suka wuce. Tun ranar ake kirana Shaho. Bana aka samu wata ɗaliba, Rakiya, doguwa mai shiru-shiru, ta koyi tsalle da baya a waya, tana faɗawa kan tsofaffin katifu. Yanzu bututun roba muke gittawa maimakon igiyar da, ta kuma tsallake mita ɗaya da santimita sittin da biyar. Tsohon mai gadinmu, wanda ya ga nawa tsallen da idonsa, ya ce shi dai a ganinsa na yarinyar ya fi tashi. Tun daga ranar na ɗauki karan tsana na ɗora mata. Za a rufe karɓar sunayen masu zuwa gasar jiha mako guda bayan dawowarmu, ni kuwa na riga na gaya mata ba ta kai ba, kada ta je ta kunyata makaranta.

A Alƙahira ƙanin matata ya tarbe mu. Shekararsa tara a can yana digiri na uku a fiƙihu, da matarsa da 'ya'ya uku, amma har yau bai daina tsokanata ba. Yana hango ni ya ce, "Shaho, kai ma jirgi ka hau? Na ɗauka da kanka za ka taso."

Gidansa yana wajen Arba wa Nus, hawa na biyar, babu na'urar hawa. Mu biyu muka tallabi Yaya, ni ne na fara neman a tsaya a hawa na biyu. Unguwar cike take da 'yan Sudan, kana tafiya sai ka ji wata tsohuwa ta ja Hausa irin ta kakanni, ta rufe da "tamam", wato daidai a Larabce. Karin kumallo wake ne da ake kira ful, da ƙosansu mai kore a ciki, da gurasa mai arha wadda kowa ke rungumowa kamar littattafai. Da rana koshari: shinkafa, taliya, wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta rasa wanda za ta dafa ta zuba duka. Ranar da muka je Wustul Balad, wato tsakiyar birni, canjin kuɗi na fi minti goma a bakin titi, motoci ba sa tsayawa, mutane ba sa jira. Wata dattijuwa mai ɗauke da kabeji ce ta kama hannun rigata ta ce "yalla", wato mu je, ta tsallakar da ni.

Aikin Yaya ya yi kyau, alhamdu lillahi. Bayan kwanaki aka fara kai shi wajen gashin ƙashi, a nan kuma bakina ya ja mini. A ɗakin jira akwai wata Baturiya mai furfura kaɗan, siririya, idon sawunta na hagu a naɗe. Da ta miƙe ɗibar ruwa sai da na ɗaga kai kamar mai duban wata. Surukina, ƙanin matar tawa, ya gaishe ta da Larabci, suka ɗan taɓa hira, ya juyo yana murmushin da na sani.

"Shaho, ga 'yar uwarka. 'Yar Rasha ce, tsalle ne sana'arta kafin ta yi ritaya. Yanzu tana koyar da yara a wani kulob a Zamalek."

Mai hankali gaisuwa zai yi ya zauna. Ni kuwa na ce ya gaya mata ni ma na yi mita biyu, na zaro tsohon hotona daga walat na miƙa mata. Yaya ya ce a hankali, "Kai dai ba ka gajiya."

Ta daɗe tana kallon hoton. Ga ni a sama, ƙafafu a ware kamar almakashi, ga gora biyu a kafe, ga igiya a tsakani. Ta ciro biro ta kwantar da shi a kan hoton daga kan wannan gora zuwa kan waccan. Igiyar tana can ƙasa da biron, ta lotsa a tsakiya kamar an shanya mata barguna. Ta tambaya a ina aka auna. Na ce a jikin gora, inda aka ɗaure, haka muke yi tun kakanni. Ta tambaya ta ina na tsallaka. Hoton ya riga ya amsa.

Ba ta yi dariya ba, surukina ne ya yi ta madadin su biyu. Ita dai ta ce mu zo filinta ranar Asabar.

Zamalek wata duniya ce. Tsibiri ne a tsakiyar Nilu, bishiyoyi sun rufe tituna, ofisoshin jakadanci ko'ina, mai tasi ma da muka hau gada sai ya rage waƙarsa. A filin na fara ganin katifar tsalle ta gaskiya, mai kaurin da ya kai ƙuguna. Matar ta ɗora sanda, ta kawo ma'auni ta tsayar a tsakiya daidai, ta ce ga mita biyu. Ta ce in zo in tsaya a ƙasa. Na wuce ta ƙarƙashin sandar a miƙe, da hulata a kaina, ko gezau ba ta yi ba. Surukina ya ce, "Ma'alish, Shaho, sai haƙuri. Wataƙila a zamaninku mita ba ta gama girma ba."

Muka zauna a benci aka kawo shayi, ta ba mu labarinta, shi yana fassarawa. Tana da shekara goma sha ɗaya ta fara, a wani gari da ƙanƙara ke rufe filin wasa rabin shekara, sai a cikin zaure ake atisaye. Ta yi shekara goma sha biyar tana wakiltar ƙasarta. Ta ce ta je ƙasashen Turai da Asiya da yawa, amma in ka tambaye ta abin da ta gani, filin jirgi ne da ɗakin otal da sanda. A tsallen nan sau uku ake ba mutum dama a kowane tsayi, kuma ko wanda ya ci gasa da faɗuwar sanda yake gamawa, don ana ta ɗagawa ne har sai ta gagare shi. A wata babbar gasa ta duniya ta yi tsayi ɗaya da wadda ta zo ta uku, amma ita sai a gwaji na biyu ta haye, waccan a na farko, sai ta koma gida ta huɗu, hannu wofi. Daga baya aka shiga shekarun da aka hana 'yan ƙasarta fita gasa, tana atisaye kullum ba ta san ranar da za a kira ta ba. Kafin a buɗe ƙofa idon sawu ya gama lalacewa.

Na tambaya sau nawa ta yi mita biyu. Ta ɗaga yatsu biyu. Ta ce da uku ne, amma rannan alƙalai suka sake aunawa a tsakiyar sanda suka tarar ta gaza da santimita ɗaya, suka rubuta abin da suka gani. Ta ce ta yi mako guda abinci ba ya shiga bakinta. Na dubi tumbina. Da biro ta ƙiyasta tsallena bai wuce mita ɗaya da rabi ba, wato rabin mita na ci na mutane, shekara ashirin da biyu, ban taɓa fasa cin tuwo ba.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce na sani. An yi ruwa da safen ranar tsallen nawa, igiyar ta jiƙe ta saki, na gani da idona kafin in fara gudu, na nufi tsakiya da gangan. Da aka zo da fenti ban ce komai ba.

Ban san abin da ya sa na ciro waya na nuna mata bidiyon Rakiya ba. Wataƙila na so ta ce ita ma ba komai ba ce, in samu abokiyar faɗuwa. Ta kalla sau uku, a na uku ta miƙe tsaye. Ta tambayi shekarunta, ta tambayi wa ya koya mata lanƙwasa gudu haka. Na ce waya. Ta ce, to ni me na koya mata? Surukina ya fassara ya tsaya yana jira, wannan karon babu murmushi.

"Na ce mata ba ta kai ba."

"In fassara haka, ko in gyara maka?"

"Fassara haka, Ustaz."

Matar ta dube ni irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya girme wa duka. Ta karɓi takarda ta zana yadda ake taka sawu biyar na ƙarshe, ta rubuta atisaye huɗu, ta ce kada a bar yarinyar ta ci gaba da faɗawa kan katifa siririya, wuyanta zai tafi. Sannan ta ce abin da ita ta nema shekara goma sha biyar shi ne a bar ta ta tsaya gaban sanda, kuma ta san yadda ake ji in wani ya hana.

Sauran kwanakin mun ga dalar Masar, mun sha ruwan rake, Yaya ya fara taka bene da sanda yana zagin hawa na biyar. Ni dai hankalina yana gida. A filin jirgi surukina ya ba ni tsaraba a leda, na buɗe na ga tef ɗin awo irin na magina. Ya ce, "A tsakiya, Shaho. Khalas, shi ke nan."

Mun sauka Kano ranar Laraba, muka isa gida da la'asar. Alhamis da safe na kai sunan Rakiya da kaina, saura kwana shida a rufe. Na kira ta gaban ajinsu na ce maganar da na faɗa mata ƙarya ce, na nemi ta yafe mini. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malam. Amma katifun fa?" Na ɗauko katifar ɗakina na ƙara a kan tsofaffin, matata ta ce in na ga dama in kwana a kan tarihina.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. Na je raka mai ciwon gwiwa, aka gano nawa ciwon ya fi daɗewa, kuma da biro aka gano shi. Wanda duk aka yaba masa abin da bai yi ba, wata rana wani ne zai biya, kuma sau da yawa wanda ba shi da bakin magana ne. Ina neman gafarar Allah, da ta duk ɗaliban da na auna da igiyata.

Ranar Asabar na sayo farin fenti na shafe bangon. Mai gadi ya zo ya tsaya a bayana har na gama, ya ce, "Malam, da ka tambaye ni tun rannan, da ba sai ka je Masar ba. Ni na ɗaura igiyar."